Tabon Lemon Tsami

Shafi na 6

Ku yi haƙuri da ni, jama'a. Har yau gabana faɗuwa yake in zan turo muku shafi, don ni mai karatu ce kawai, ban san inda na samo ƙarfin halin rubutu ba. Wannan ne labarina na farko, na mutanen da na tashi a cikinsu ne, da cinsu da shansu yadda suke. Masu cewa na daɗe ban turo ba, gogewa nake ta yi ina sakewa. Inda na yi tuntuɓe ku ɗaga ni a hankali.

*

"Rosaura. Zo nan."

Ta tsaya cak da kwanon tsakin kaji a hannu. Saura kaɗan ta sha kwanar bayan gida.

Goggo Herminia ce, ƙanwar marigayi mahaifinta, wadda ta iso daga birnin Guadalajara da safiyar Lahadin nan. Tana tsaye bakin famfo ta riƙe ƙugu.

"Kaji zan ba abinci, Goggo."

"Kajin ba za su mutu kafin ki zo ba."

A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar lemon tsami, dangi sun dawo daga coci sun kewaye dogon tebur. An kusa cinye farfesun akuya, wainar masara ta rage 'yan kaɗan cikin kwando. Kakanta Don Nicanor, wanda jikoki ke kira Tata, ya riga ya miƙe ya yi sanarwar da ya saba, cewa kowa ya zauna inda yake. Ya shige ɗakin ajiya ya ja labule. Dokar gidan ke nan tun kafin a haifi Rosaura: in Don Nicanor na haɗa margarita, abin shan nan na giya da lemon tsami, ko kyanwa ba ta leƙa labulen nan.

Abin da dangi ba su sani ba, ɗakin yana da ƙofar baya, kuma jiran Rosaura Tata yake a ciki.

Tun damina hannunsa na dama ya fara rawa. Goggo ta lura, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa ranar da ta tabbatar hannun ya daina yi masa aiki, ranar za ta sa shi a mota ya koma gidanta a birni. Shi kuma ya ce muddin yana fito musu da margaritar Lahadi, babu mai raba shi da gonarsa. A kan haka suka tsaya.

"Zafin nan da ake yi, ke da riga mai dogon hannu? Zazzaɓi kike?"

"Sauro ne, Goggo."

"Sauro da tsakar rana. Miƙo hannun."

Ba ta miƙa ba. Goggo ta kamo shi da kanta, ta ja hannun rigar sama.

Ga su nan, ba su ɓoyuwa. Layuka masu duhu sun taso daga tsakanin yatsu sun gangaro har wuyan hannu, kamar inda ruwa ya zuba ya bushe.

"Kaskon waina ne ya ƙone ni."

"Kasko ba ya zana wa mutum hanyar ruwa, 'yata. A gidan nan aka yanke min cibiya. Wannan lemon tsami ne ya haɗu da rana. Kuma ba ɗaya ko biyu kika matse ba."

Rosaura ta sunkuyar da kai. Gaskiya ce. Lahadin da ta wuce mata sun cika kicin, sai ta kwashi lemon ta je bayan gida ta matse a fili, rana na dukanta. Garin sauri ta manta da abin da kowace yarinyar garin nan ta sani tun tana goye, wato wanke hannu. Zuwa tsakiyar mako fata ta tona mata asiri.

"Tun yaushe?" in ji Goggo.



Amsar tana bakin Rosaura, amma ta yi wa kakarta marigayiya Nana Leocadia rantsuwa a kan gadon ciwo cewa maganar ba za ta fito daga bakinta ba.

Goggo ba ta sake hannun ba. Haka ta ja ta har tsakiyar tsakar gida, kwanon tsaki ya faɗi, kaji suka yo ca a kansa.

"Baba. Fito."

Cokula suka tsaya. Don Casimiro, abokin Tata tun suna yara masu saran agabe, tsiro mai ƙaya da ake yin giya da shi, a gonar mutane, ya ajiye ƙashin da yake gwaguya ya share sanƙonsa da hankici.

"Herminia, kin sha rana ne a hanya? Wa ya taɓa kiran mutumin nan daga labule?"

"Yau an fara, Don Casimiro. Baba, ka fito."

Labule ya motsa. Tata ya fito da malafarsa ta zuwa coci, farin gashin baki a taje, hannun dama cikin aljihu. Ya dubi 'yarsa, ya dubi hannun jikarsa da aka ɗaga sama kamar shaida a kotu.

"Sakar mata hannu. Ba akuyar sayarwa ba ce."

"A nan za ka haɗa yau. A kan teburin nan, a gaban kowa."

Rosaura ta yi saurin cewa, "Lemon miya na matse, Tata bai san komai..."

"Bari, Kurciya," in ji tsohon. Sunan da yake kiranta ke nan. "Ƙarya ba ta yi miki kyau, ba ki iya ta ba. Je ki kwaso kayan. Suna kan benci bakin labule."

Rosaura ta zura hannu ta jawo kwandon kayan ba tare da ta shiga ba, ta jera komai a kan tebur. Kwalbar farar giyar tekila ta ƙaramar masana'antar da ke sayen agabensu. Giyar ɓawon lemon zaƙi. Gishiri mai tsakuwa da ɗan turmin dutse. Dunƙulen ƙanƙara a naɗe cikin tsumma. Sai tsohon gwangwanin madara mai murfi, duk ya lotse, wanda rabin jikokin gidan ba su taɓa gani ba sai dai su ji ƙararsa.

Tata ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur.

Rawa yake, ba kaɗan ba. Har cokalin da ke kusa ya kama ƙara.

Wata jika ta rufe baki. Goggo ta kau da kai.

"A'a, ki kalle shi, ai shi kika zo gani. Hannun nan ya sari agabe fiye da gashin kan Casimiro."

"Wannan kuma ba abin alfahari ba ne," in ji Don Casimiro. "Guda nawa suka rage min?"

Babu wanda ya yi dariya sai shi kaɗai.

"Baba, mun yi magana da kai," in ji Goggo, muryarta ta sauka. "Ba don in ci maka fuska ba ne. Tsoro nake wata rana a kira ni a ce an tsince ka a gona. Ka bar yarinya tana yi maka aiki a ɓoye kana karɓar yabo. Tun damina ake shayar da mu ƙarya."

"Tun damina?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ja kujera ya zauna, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa.

"Kin rage lissafi, Herminia. Tun kafin a haife ki."

Rosaura ta ɗago da sauri. "Tata."

"Ke kika yi rantsuwa, ni ban yi ba."

Ya dubi dangi ɗaya bayan ɗaya.

"Ni Nicanor Landeros ban taɓa haɗa margarita mai shawuwa ba a rayuwata. Sara na iya, da yanka lemo, da girgiza gwangwani. Mai hannun ita ce Leocadia. A zamaninmu macen da ta haɗa wa maza abin sha, kafin rana ta faɗi sunanta ya zaga gari. Ubanta ma da ya ji, da ya zo ya ɗauke ta. Sai muka rataya labule. Ita ta shigo ta baya ta auna, ni in fito ta gaba da tire ina ɗaga kai."

Goggo ta dafa kujera.

"Shi ya sa... duk ranar Lahadi in ka shiga, Mama sai ta ce za ta ba kaji abinci?"

"Kin taɓa ganin kajin gidan nan sun yi ƙiba?"

Wani ya tuntsire da dariya a ƙarshen tebur, matarsa ta mintsine shi.

Don Casimiro ya ɗauki ƙashinsa ya ci gaba da gwaguya. "Ni dai ban ji sabon labari ba."

Tata ya juyo. "Kai ka sani?"

"Ranar da Leocadia ke naƙudar wannan 'yar taka mai faɗa, ka shiga labule kai kaɗai ka fito mana da wani abu kamar ruwan wanke-wanke. Na sha don zumunci. Tun ranar na gane."

"Shi ne ka yi ta yabon hannuna duk shekarun nan, tsohon banza?"

"To in tona ka, a ina zan riƙa sha kyauta?"

Wannan karon teburin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Goggo ce kaɗai ba ta yi ba. Idonta na kan Rosaura.

"Da Mama ta rasu, ɗanɗanon bai canza ba ko kaɗan. Na ce a raina, ai dama hannun Baba ne."

"Hannun wannan ne," in ji Tata. "Kakarta ta koya mata tun tana kai wa tebur da ƙyar. A da ni ke yanka lemon in matse. Da hannun ya ƙi, ta ɗauki wannan ma ba ta ce min uffan ba. Kurciya, taso. Yau ba ta ƙofar baya ba."

Idanu suka yo kanta. Rosaura, wadda ko a coci bencin ƙarshe take zama, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai dai da ta taɓa lemon farko, hannunta ya san aikinsa.

Ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu. Tunda an gani, a gani da kyau.

Ta murza lemon a kan tebur da tafin hannu har ya yi laushi, ta raba shi biyu, ta matse. Ba ta kai shi ƙarshe ba ta jefar ta ɗauki wani.

"Akwai sauran ruwa a ciki," in ji Goggo, halin mai tattali ya motsa.

"Nana ta ce lemon tsami kamar baƙo yake. In kika matsa masa da yawa, ɗacinsa zai fito miki."

Goggo ta san muryar wa ta ji.

Rosaura ta ɗan daka gishirin, ba ta bari ya zama gari ba. Ta goga lemo a bakin kofuna ta waje kawai, kuma rabin baki, ta dangwala a gishiri. Mai so ya sha ta nan, wanda ba ya so ya juya kofinsa. Ta ɗauki ɗan siririn kofin awo: biyu na tekila, ɗaya na ruwan lemon, na giyar ɓawo kuma ta tsaya kafin ya cika. Ta fasa ƙanƙara da taɓaryar turmin ta cikin tsumma, ta zuba manyan a gwangwani, ta ɗiga ɗigo ɗaya na haɗin a bayan hannu ta lasa. Ta ƙara rabin lemo.

Sannan ta rufe murfin ta miƙa wa kakanta.

Ya miƙe tsaye. Ya rungumi gwangwanin da hannu biyu ya ɗaga shi kusa da kunne, ya fara. Ƙarar da gidan ya saba ji ta bayan labule ta cika tsakar gida, ƙanƙara na dukan ƙarfe, har raɓa ta lulluɓe gwangwanin ya yi fari.

"Yau dai rawar hannun ta yi rana," in ji Don Casimiro. "Ko wahala ba ka yi, shi ke aikin da kansa."

"Bakinka ya fi shi rawa, amma ban ga abin da ya taɓa haɗawa ba."

Rosaura ta tace cikin kofuna. Launinsa kamar ruwan ganye da aka tsarma, sanyi na tashi. Kofin farko na babban baƙo ne a al'adar gidan. Don Casimiro har ya miƙo hannu. Ta wuce shi ta ajiye a gaban Goggo.

Goggo ba ta taɓa ba.

"Duk wannan bai hana hannun rawa ba. Wa zai yanka masa nama? Wa zai ɗaure masa maɓalli in abin ya yi gaba?"

"Ni."

Ita kanta Rosaura ta yi mamakin yadda muryar ta fito.

"Goggo, kullum da sassafe yana zaga gona. Kallo ɗaya yake yi wa agabe ya ce wannan ya nuna, wancan a bar shi sai baɗi, kuma masu sara ba sa musu da shi. A bene a Guadalajara me zai kalla? Motoci? Tsohon agabe in aka tumɓuke shi ba ya kamawa a wata ƙasa. Kin fi ni sani."

"Ke kuma fa? Sa'o'inki suna birni suna karatu suna aiki. Dubi hannunki. Budurwa da hannu kamar na mai rini."

"Tabo ne, zai goge. Ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamarsa ba."

Hannun Rosaura Tata yake kallo, ya daɗe yana kallo.

Goggo ta ɗauki kofin. Ta juya shi ta ɓangaren gishiri ta kurɓa. Ta riƙe a baki kafin ta haɗiye, ta lumshe ido. Da ta buɗe sun yi ja.

"Ta Mama ce," ta ce a hankali. "Har da 'yar rowar giyar ɓawon."

Ta sake kurɓa, ta share ido da bayan hannu, ta harari mahaifinta.

"Ka zauna a gonarka, tsoho mai taurin kai. Amma likita duk wata, kuma ni zan zo in kai ka."

"Ai ko yanzu a ba mu namu," in ji Don Casimiro. "Ƙanƙara ba ta jiran sulhu."

Kofuna suka zaga. Tata ya ɗaga nasa da hannun hagu, ya ɗauki gwangwanin da na dama, yana rawa yana komai, ya dangwara shi a gaban jikarsa.

"Daga yau naki ne. Labulen kuma a cire shi a yi tsumma. Duk wanda ya tambaya wa ke haɗa margaritar gidan Landeros, ku ce Rosaura, jikar Leocadia. Ku faɗa da ƙarfi."

Aka ɗaga kofuna, aka yi wa Nana addu'a, aka sha. Rosaura ta kurɓi nata. Gishiri ya fara zuwa, tsami ya biyo, sannan ɗumin tekila ya sauka ƙirji da ƙamshin gonarsu. Duk shekarun nan a tsaye take ɗanɗanawa cikin sauri a ɗaki mai duhu. Yau ne ta fara sha a zaune.

Sai yabo ya yi mata yawa. Wannan ya ja kumatunta, wancan ya ce a bikin 'yarsa ita za ta haɗa. Ta ce bari ta ƙaro lemo, ta sulale ta shige bayan labule don ta sami inda za ta yi murmushinta ita kaɗai.

Ƙafarta ta bugi wani abu.

Akwati ne, tsohon akwatin fata, an tura shi bayan buhun masara. An ɗaure shi da igiya irin ɗaurin masu sara, sai dai ƙullin ya karkace, hannu mai rawa ne ya yi shi. A sama an kifa hoton Nana Leocadia, wanda ke rataye a kan gadon Tata, wanda ko ƙura ba ya bari wani ya share.

Ta ji taku a kicin. Muryar Tata, ƙasa-ƙasa, dab da labule.

"Herminia, in an watse ki zago da motar ta baya. Kada yarinyar ta gani."

"Baba, ai na ce ka zauna. A gaban kowa na faɗa."

"Ke yau kika ga hannunta. Ni tun tsakiyar mako nake ganinsa in tana zuba min kofi. Na ɓoye mace ɗaya a bayan labule har ta mutu. Ba zan ɗaure ta biyu a gindin kujerata ba."

Rosaura ta danne bakinta da tafin hannu. Ƙamshin lemo na nan a yatsunta.

A tsakar gida Don Casimiro ya fara rera wata tsohuwar waƙa da muryarsa ta kwaɗo, ana kiran sunanta a zo a ƙara zagaye na biyu.

Ta sa hoton cikin rigarta, don ta san ba hoton, ba akwatin, babu inda Tata zai je. Ta kama hannun akwatin, ya fi yadda ta zata nauyi. Ta tura ƙofar baya da kafaɗa a hankali don kada ta yi ƙara, ta ratsa ta cikin kaji, ta shige tsakanin layukan agabe da akwatin kakanta, ƙaya na jan siket ɗinta, kafin wani ya lura ba ta nan.